Sau Biyu Na Je Gudwa

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi lafiya a fadarmu ta bakin lakwal, wato makaranta, ba. Wannan ya ce yaya Libiya, wancan ya ce da gaske ne a can ba a cin abinci sai da taliya. Mushe Ide kuwa, mu Mushe muke ce wa malamin boko, tambayarsa ɗaya ce kullum, wai me ya kai ni wani gari Gudwa har sau biyu alhali ba ni da kowa a cikinsa. Na gaji da fara magana ana katse ni, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya so ya karanta. Sai dai a sani ba yawo na je ba. Ƙanena Lawali ne ya rasu a Sabha, na tafi ɗauko ɗiyarsa.

Labarin rasuwar a Agadas ya same ni. Ni kansaye ne, wato ina zagaya makarantun firamare na yankinmu a jihar Damagaram, in zauna bayan aji in ga yadda malami ke koyarwa, in ba shi shawara. Karatuna bai yi nisa ba, yawancin abin da na sani a cikin aji na koye shi. An tara mu da anspektoci don wani horo da aka ce zai ƙara mana ƙwarewa, darasin kuma shi ne yadda za a koyar da kowane yaro daidai da matakinsa. Wata matashiya daga Yamai ce ke koyarwa. Tana haska hotuna a bango: aji mai fanka, yara ƙalilan, kowa da na'urarsa a gabansa.

Na ɗaga hannu na ce, “Madam, a yankina akwai ajin da in malami ya juya zai yi rubutu sai ya taka ƙafar yaro. Rumfar zana ce, ruwan farko na sauka a tashi. Wane yaro zai bi, wane zai bari?”

Ta ce, “Mushe, ban ce ku saya musu na'ura ba. Cewa na yi kafin malami ya yanke wa yaro hukunci, ya tambaye shi me yake nufi.”

Na rubuta a kaye, littafin rubutuna, don kada a ce ban rubuta ba. A raina na ce a zo daga Yamai don a faɗa mana wannan.

Da aka fita hutu salulata ta yi ƙara. Wata mata ce, ta ce sunanta Hajara, maƙwabciyar Lawali a Sabha. Ya faɗo daga saman gini, an riga an yi masa sutura. Yarinyar tana wurinta. Na tambaye ta abin da ake tambaya, ta ba ni amsa, na kashe wayar. Ban koma ɗakin horon ba. Na nemi izinin anspekta, ya ba ni ɗan lokaci, ya ce kada in wuce shi.

Uwar yarinyar, Balki, ta daɗe da rasuwa a can. Ita yarinyar, Zulai, ban taɓa ganinta ba sai a hoto. Lawali duk shekara yana cewa baɗi za su zo.

Hanya ba zan daɗe a kanta ba. Mota ce mai buɗaɗɗen baya, an kakkafa sanduna a gefe, kowa ya zauna a kan kaya ya rungume sandarsa, ƙafafu na lilo a waje. Ni da na fito da rigar horo da takalmin fata, sai da wani saurayi ɗan Tanut ya koya mini yadda ake naɗe rawani ya rufe hanci. Abinci garin rogo ne da ƙuli da dabino. A Dirku muka tsaya gyaran taya, gyaran ya cinye mana yini. Direban Batube ne, ba ya magana da kowa, in ya ce a hau kana cikin alwala to ka ƙarasa a mota.

A kan iyaka wani mai bindiga ya tambaye ni aikina. Na tattaro ɗan Larabcin makarantar allo na ce ni mu'allim ne. Ya dubi hannuwana, ya juya su, ya yi dariya, ya kira abokinsa shi ma ya duba. Sai daga baya na gane cewa a bakinsu mu'allim gwanin gini ne ko kafinta. Malamin makaranta ustaz suke ce masa. Kalmar mu'allim ɗin nan ta bi ni har Sabha. Washegarin saukata ina tsaye a bakin titi a unguwar Jadid, inda leburori ke jiran a ɗauke su aiki, wani ya tsaya da mota ya ce wane ne mu'allim, yaran da muka zo tare suka nuna ni. Da ƙyar na kuɓuta daga shafen bango.

Masaukina ɗakin 'yan gida ne a Jadid, tabarmi jere, kowa jakarsa ce matashinsa. Sun girmama ni, sun ba ni gefen taga. Abincinsu taliya ce da ake dafawa cikin miyar tumatir mai yaji, a ci da cokali a kwano guda. Ranar Juma'a wani ya kawo bazin, tuwon sha'ir ne mai tauri da ake kafawa a tsakiyar kwano kamar tulu. Mu tuwo muke sa wa miya, su sai ka yi kokawa da shi tukuna. Shayinsu kuwa kumfa ya fi ruwa yawa, kuma a kofin ƙarshe suna zuba gyaɗa. Wannan kam na yaba.

Hajara mai sayar da abinci ce, 'yar Tasawa, mace mai jiki da faɗa da kirki. Ta sa aka raka ni kabarin Lawali. Ba zan ce komai a kan wannan ba.

Da na dawo ta kira Zulai. Yarinya ce siririya, shekarunta wajen goma, goshin ubanta sak. Ta durƙusa ta gaishe ni da Larabci, ta ce mini Ammi, wato baffa. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta amsa sai kalma ɗaya ko biyu, su ma rabi Larabci. Hajara ta ce tun rasuwar haka take.

Ni kuma tunanina ya tafi inda ya saba tafiya. Yarinyar tana zuwa makarantar gwamnati a unguwar Abdulkafi, inda ubanta ya taɓa yin gyaran azuzuwa har shugabar ta yarda ta riƙa zama. Karatun duka da Larabci ne. In na kai ta gida ba takarda, na san abin da za a yi: za a ce ba ta jin Faransanci, a ajiye ta ajin farko da 'yan shekara shida. Na ga yaran da aka yi wa haka, ba sa kai ƙarshen shekara. Don haka na ce sai na samo shaidar matakinta. A makarantar aka ce za su rubuta, amma sai murakib ya buga hatimi. Murakib shi ne mai kula da makarantun yankin, kamar anspekta a wurinmu.

Akwai wani Garba ɗan Kano, mai facin taya, da ya ce zai riƙa yi mini tafinta. Ranar da zan je ofishin murakib, aiki ya yi masa yawa. Na ce ba komai, ai ni ma'aikacin ilimi ne, na san yadda ake shiga ofis.

Mai gadi na zaune a ƙofa yana shan shayi. Na yi sallama na ce murakib. Ya kaɗa hannu ya ce, “Gudwa, gudwa.” Da farko na ɗauka cewa yake yi mutumin na fama da gudawa, har na fara yi masa addu'ar samun sauƙi. Na ga bai yi kama da mai ba da labarin rashin lafiya ba. Na fito na tarar da wani baƙin mutum yana wanke mota, daga ƙasashen bakin teku, mai 'yar Hausar kasuwa. Na ce masa me ake nufi da Gudwa.

Ya ce, “Gudwa? Gari ne. Can kudu. Dabino yawa. Mota akwai, tasha can.”

Na ce to, murakib ya fita rangadi ke nan, kamar yadda nake fita. Har na ji mutumin ya burge ni. Na tafi tasha na shiga mota.

Gudwa garin gonaki ne da dabino, tafiya ce mai ɗan nisa daga Sabha. Na sauka da rana tsaka, na nemi makaranta na tarar an tashi. Na yi ta bin mutane ina cewa murakib, suna dubana. A ƙarshe na ji Hausa daga cikin wata gona. 'Yan Nijar ne suna gyaran hanyar ruwa. Na ba su labari. Wani dattijo cikinsu, Baba Sale, ya ajiye shebur ya zauna a ƙasa a hankali, kafaɗunsa na rawa.

Ya ce, “Mushe, a bakin mutanen nan gudwa gobe ce. Gobe ya ce ka dawo.”

Wani yaro daga saman dabino ya ce, “Allah ya taimake ka bai ce maka jibi ba, da yanzu kana Cadi.”

Wani ya ce, “Wai kai ne mai duba malamai? To kai wa ke duba ka?”

Sun ba ni dabino da ruwa, ba su daina dariya ba. Ban faɗa musu sunan Lawali ba, ban ga dalili ba. Na je bakin hanya jiran mota, babu inuwa sai ta wata gajeruwar katanga ta maƙabartar garin. Na jingina da ita har la'asar, ina cin dabino ina tofar da ƙwallo, ina jin haushin mai gadi da mai wankin mota da kaina.

Daga ranar na san gudwa, na kuma ji ta har ta ishe ni. Ofis gudwa. Mai hatimi gudwa. Direban da zai mayar da mu Agadas gudwa. Mu ma a gida muna cewa gobe, amma tamu goben tana da kunya, in ka zo sau uku sai a ji nauyinka. Tasu ba ruwanta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Zulai. Kowace safiya in na je gidan Hajara sai in ce, “Zulai, haɗa kayanki mu tafi.” Sai ta dubi ƙasa ta ce, “Gudwa.” Washegari haka. Wata rana mota ta samu, na ce takardar ma a bar ta, mu tafi kawai. Ta ce gudwa, ta shige ɗaki. Motar ta tafi ba mu. Lokacin da anspekta ya ba ni yana ƙarewa, ya kira har sau biyu. Na ɗaga mata murya, abin da ban so ba. Na ce yarinya ƙarama ta koyi halin ofis.

Hajara ta ja ni gefe ta ce, “Mushe, in ba ta so, ka bar mini ita. Ba zan bar ta da yunwa ba.”

Na ce, “Hajara, na gode. Amma ita kaɗai ya bari. Uwarmu na can tana jiran ta ga fuskarta. In koma in ce mata me?”

Ta ce, “To ɗaure ta za ka yi a bayan mota?”

Ba zan ja yarinya tana kuka in ratsa hamada da ita ba. Na fara shirya abin da zan faɗa wa tsohuwa in na koma ni kaɗai.

Ana haka Garba ya zo ya ce murakib ya dawo, kuma wannan karon zai raka ni ko duk tayoyin Sabha za su fashe. Murakib ɗin dattijo ne mai furfura, idanunsa a gajiye. Ya ba mu haƙuri, ya ce an tura su wani horo ne na shugabannin makarantu, shi ya sa ba ya nan. Na ce horon me? Garba ya saurara, ya juyo yana murmushi.

“Wai yadda za a koya wa kowane yaro daidai da matakinsa.”

Na ce ya tambaye shi ko an haska musu aji mai fanka. Murakib ya buga tebur da tafin hannu. Ya ce an haska, kuma suna cikin kallo wuta ta ɗauke. Ya ce shi yana da makarantar da ake shiga safe da yamma saboda rashin azuzuwa, malami bai gama sanin sunayen yara ba shekara ta ƙare. Na ce ni tawa rumfar zana ce. Muka yi ta jera wa juna, Garba na fassarawa har ya gaji ya ce, “Ku ai ba kwa bukatar tafinta, ciwonku ɗaya.” Garba bai iya riƙe baki ba, ya ba shi labarin zuwana Gudwa. Mutumin ya yi dariya har ya cire tabarau, ya kira mai gadi ya maimaita masa.

Sannan ya ɗauki biro ya ce, to yarinyar me ta iya?

Kwanaki ina bin hatimi, ban taɓa ba ta alli na ce rubuta mini wani abu ba. Na ce ban sani ba. Ya ɗaga waya ya kira malamarta. Su abla suke ce wa malama mace.

Abla Salma ta zo bayan an tashi, mace mai ƙaramar murya. Ta ce da aka kawo Zulai ba ta karatu ko kaɗan, kuma ba ta magana a aji, har wasu suka ce a mayar da ita. Wata rana ta gan ta a taga tana motsa baki, ta tambaye ta me take yi. Ashe bulon katangar da ubanta ke ginawa take lissafawa, jeri kaza sau kaza. Daga nan ta riƙa ba ta lissafin ajin gaba, karatu kuma na ajin baya, a benci guda. Ta ce ba wani abu ba ne, takarda biyu ce maimakon ɗaya. Ta ce yanzu karatun ma ya kamo.

Na ce, “Abla, kun koya mata lissafi, amma garinku ya koya mata gudwa. Kullum na ce mu tafi, gudwa.”

Garba ya fassara. Ba ta yi dariya ba. Ta ce abin ya ba ta mamaki, don Zulai ba ta cika magana ba, amma ba ta taɓa jin ta faɗi abin da ba ta nufi ba.

An buga hatimi. Na fito da takardar a hannu, ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Da la'asar na tarar da Zulai a ƙofar gida tana tsince shinkafa. Ban tsaya a kanta ba yadda na saba, na jawo kujera 'yar tsugune na zauna.

Na ce, “Ɗiyata, gudwar nan da kike ce mini, gobe kike nufi?”

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko da ta dube ni sosai. Ta girgiza kai.

Ta ce, “Gudwa. Wajen Inna.”

Hajara na bakin murhu, ta saki ludayi. Ita ma gobe ta ɗauka, don ta zo Sabha ne bayan rasuwar Balki. Ni kuwa Lawali komai Sabha yake ce mini. A hankali, kalma Hausa kalma Larabci, yarinyar ta faɗa mana. A gonar Gudwa suka fara zama, a can aka haife ta, a can aka binne uwarta. Duk Sallah ubanta yana kai ta. Bana aiki ya hana, ya ce in ya gama ginin nan za su je. Ita ba ta ƙi tafiya gida ba. Ba ta so ta bar ƙasar ba ta je ba. Kullum faɗa mini take yi inda za mu fara zuwa, ni kuma ina yi mata faɗa.

Da safe muka shiga mota. Direban ya gane ni, ya ce wani abu, fasinjoji suka yi dariya. Ban nemi fassara ba.

Muna sauka ta wuce gaba, ni ina bin ta. Yaron nan na saman dabino ya hango ni ya ce, “Mushe, yau ma murakib ake nema?” Baba Sale ya fito zai sa baki, sai ya ga yarinyar. Ya tsaya. Ya ce, “Wannan ba ɗiyar Balki ba ce? Ina Lawali?” Na faɗa masa. Ya cire hularsa ya mayar, ya ce da na ambaci sunansa ran nan da ban zauna a rana ba. Suka ajiye aiki suka biyo mu.

Zulai ba ta shiga maƙabartar ba. Ta tsaya a bakin gajeruwar katangar nan, ta ɗora hannu a kai, ta nuna mini wani kabari da ke kusa, daga ciki. Na dubi ƙasa. Ƙwallayen dabinon da na tofar suna nan a gindin katangar, daidai wurin. Har la'asar na jingina da bayana ga matar ƙanena ban sani ba.

Muka shiga mu maza muka yi addu'a. Da na fito tana nan yadda na bar ta, bakinta na motsi. Ban tambaye ta ba, wannan ba nawa ba ne. Na jira. Baba Sale ya cika mata ɗankwali da dabino ya ɗaure. Can ta sauke hannunta daga katangar ta ce, “Ammi, mu tafi.”

Dawowa ta fi zuwa sauƙi, don direban ya sa ta gaba kusa da wata mata. A Dirku taya ta sake fashewa. Da muka isa gida tsohuwa ta ga fuskarta, ta riƙe ta ta daɗe ba ta saki ba.

Yanzu tana lakwal ɗin unguwarmu. Takardar mai hatimi direkta, shugaban lakwal ɗin, ya juya ta sama da ƙasa ya ce shi ba ya karanta Larabci, ya mayar mini. Na ce to a ba ta alli. Ta yi lissafin da ya ba ta, ta tsaya tana jiran wani. Na roƙi a bar ta ta yi lissafi da 'yan aji biyar, Faransanci kuma da safe da 'yan ajin farko, har ta kamo. Malaman biyu sun yarda, ɗayansu ma ya ce yana da yara uku da zai so a yi musu haka. Na rubuta wa Madam ta Yamai na ba ta haƙurin fitata ba sallama, ban ƙara komai ba.

Direkta ne kawai bai huta ba. Duk ya gan ni sai ya tare ni, wai tsari bai san yaro ɗaya a aji biyu ba, in anspekta ya zo shi za a tambaya, lallai in zaɓa mata aji guda. Shekaranjiya ya sake tare ni a bakin ƙofa. Na ce masa na ji, zan duba.

Ya ce, “Yaushe, Mushe?”

Na ce, “Gudwa.”